Sun Ce da Gangan Nake Jefawa a Kwata

Talata, 5 ga Agusta, da yamma

Kin zauna? To rubuta. Sunana Thozama Mqikela, a unguwar KwaZakhele nake. Ban yi makaranta ba, don haka maƙwabciyata Buyiswa mai sana'ar suya ce ke riƙe da biro, ni nawa magana. Tannie Hester, shugabar ƙungiyarmu ta bolin, wasan gangara ƙwallo a kan layi a ka da kwalaben katako, ita ta ce kowa ya riƙa rubuta yadda ya buga duk Talata, har zuwa gasar tsofaffi ta lardi a watan gobe. Mu uku ne: ni, da Hester, da Nonceba. Nonceba kuwa mkhozi ce a wurina, ɗana Luvuyo ke auren 'yarta.

Yadda na buga yau. Ban buga da kyau ba. Ƙwallona ya yi ta faɗawa kwatar gefen layi. Sun zuba wa layin mai da yawa, ba ni kaɗai na gani ba. Shi ke nan.

Buyiswa ta ce wannan ko rabin shafi bai cika ba. To ƙara da cewa ana iska. Tun safe take kaɗa kwanon rufi, ta hana mutum tunani.

Alhamis, 7 ga Agusta, da hantsi

Ba ranar wasa ba ce, amma zo ki rubuta, zama ya ishe ni.

Ina so a san ni ba 'yar kwata ba ce. Tun ranar da matan coci suka kai mu gidan wasan nan na bakin teku yawon buɗe ido, aka miƙo mini ƙwallo mai ramuka uku aka ce Mama gwada, na jefa, kwalaben katakon nan goma suka watse gaba ɗaya. Hester tana layin kusa, ta ajiye shayinta ta zo ta ce, ke a ina kika koyi wannan? Na ce a wajen matse bargunan mutane. Rabin rayuwata wanki na yi a gidajen Turawa, ai dole hannu ya san nauyi.

Harafi ɗaya na sani a duniya, wanda yake kamar sanduna biyu a gicciye. Shi nake sawa a madadin sunana in an ce in sa hannu. Shi ne kuma allon da ke sama yake nunawa in mutum ya kwashe goman da jifa ɗaya. Ranar da na fara ganin sa na ce wa Nonceba, Mkhozi, dubi, sun rubuta sunana.

Na kwana biyu ban ga sunana a allon nan ba. Man layi ne.

Asabar, 9 ga Agusta, da safe

Kofin shayi ya fashe. Tsohon kofi ne dama.

Lahadi, 10 ga Agusta, bayan coci

Luvuyo ya bugo daga Pretoria. Mama lafiya? Lafiya. Ƙafa? Lafiya. Kina shan maganin hawan jinin? Ina sha. Na ce masa ana iska.

Buyiswa, ke kin san zancen, amma rubuta. Bara da na zame a wajen shanya, ya zo ya tsaya a bakin ƙofar can ya ce, Mama, abu ɗaya ya ƙara faruwa, da mota zan zo in ɗauke ki, kuma ba shawara zan zo yi ba. Ɗana ba ya maganar banza, halin ubansa ne. Na je gidansu da Kirsimeti. Can sama suke, sai an shiga akwatin ƙarfe ya ɗaga mutum. Da safe su fita aiki su kulle ƙofa saboda ɓarayi. Ni da taga. Mutane a ƙasa kamar tururuwa, ba wanda zai ɗaga kai ya ce Mama Thozama ina kwana. Ba Talata a gidan nan. Duk ranakun ɗaya ne.

Yaron kirki ne. Sa wannan ma, kar a ce ban faɗa ba.

Talata, 12 ga Agusta, da yamma

Wasana ya fi na wancan mako lalacewa.

Boeta Salie na ƙungiyar da muka kara da su yau, wannan tsohon mai bakin tsiya, ya leƙo ta kan kujera ya ce, Mama Thozama, wa kike aika wa saƙo ta kwata? In masoyi ne ki faɗa mini, ni ma ina da waya. Na ce kai Salie, je ka nemo haƙoranka tukuna. Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Can da aka kusa tashi ya sake zuwa, wannan karon a hankali. Ya ce, ƙari kike tarawa ko? Wayo! Ya kanne mini ido.

Buyiswa ba ta gane ba, bari in yi mata bayani. A wasanmu, wanda ba shi da ƙarfi ana ba shi ƙarin maki kyauta, don ya iya karawa da gwanaye. Ana duba abin da mutum ya saba ci. Iya lalacewar wasanka, iya ƙarin da za a ba ka. A ƙarshen watan nan za a rufe, kowa ya tafi gasar lardi da ƙarin da ya samu. To akwai marasa kunya da ke ɓata wasa da gangan kafin a rufe, su je gasa da ƙari mai tsoka, sannan su buɗe hannu. A wurinmu babu abin da ya kai wannan muni. Gara a ce ka saci takalmi.

Wasa yake yi. Salie ai kowa ya san shi.

Takalmana ne, ina jin sun fara santsi.

Juma'a, 15 ga Agusta, da rana

Yau Bhuti Mncedi ne ke rubutawa, mai haya a ɗakin baya, kafin ya tafi gadi. Buyiswa ta je jana'iza.

Ba ni da abin faɗa. Na dafa umngqusho, surfaffiyar masara da wake, na zuba masa, ya ce gishiri ya ji. Na share tsakar gida, iska ta dawo da sharar. Na sake sharewa. Na ciro ƙwallona daga jaka na goge shi na mayar. Na sake cirowa.

Ya tambaye ni yaushe na koma cin abinci da hagu. Na ce Bhuti, rubutu na ce ka yi ko kallon cokalina? Ya ce a rubuta wannan ma? Na ce rubuta abin da ka ga dama.

Talata, 19 ga Agusta, da yamma

Rufe ƙofar tukuna.

Na ɗauko ƙwallon, na taka, na kai hannu baya yadda na saba. Kafin in kawo shi gaba, ya sauka. A bayana ya faɗi, dum, har mai ba da takalma ya ɗago kai. Ya gangara ya je ƙarƙashin kujerar su Salie.

Da dariya aka yi da na ji daɗi. Ba wanda ya yi. Wata mata daga can gefe ta ce, kai, wannan kuma ya yi yawa, ko wasan kwaikwayo ai da iyaka. Oom Dirk, sakataren gasarmu, wanda yake sa hula ko a cikin ɗaki, ya tsaya yana kallona ta saman tabarau. Ya je ya zauna da wasu, kawunansu a haɗe.

A tasi na zauna kusa da Nonceba har muka wuce kasuwa. Sannan ta ce, ba ta ko kalle ni ba, Mkhozi, jikoki ɗaya muke da su. In akwai abin da kike yi, ki daina. In akwai abin da ke damun ki, ki faɗa. Na ce me zai dame ni? Ta ce to. Ta gyara jakarta a cinya.

In faɗa mata! Nonceba da ba ta iya kwana da magana. Ko miyarta ce ta ƙone sai 'yarta ta ji a Pretoria kafin tukunya ta huce.

Laraba, 20 ga Agusta, da safe

Iska. Ba komai. Tafi abinki, Buyiswa, man suyarki zai ƙone.

Alhamis, 21 ga Agusta, da yamma

Hester ta zo gidan nan da kanta. Ta ajiye motarta a bakin titi, yara suka kewaye ta, ta shigo da kek a faranti, gashinta duk iska ta hargitsa. Ta zauna a kujerar nan da kike kai.

Ta ce an kai ƙara a rubuce, ƙungiyoyi biyu. Ranar Talata bayan wasa Oom Dirk zai zauna da mu. Ta ce, Thozama, ni na ce musu ƙarya ne. Na ce matar nan in inji ya ba ta makin da ba nata ba, ita ke zuwa ta ce a cire. Amma ki ba ni abin da zan faɗa musu. Mutum ba ya mance jifa cikin wata ɗaya.

Na ce mai ne. Ta ce layin da kika buga a kai ni ma shi na buga. Na ce takalmi. Ta dubi ƙafata, ta dubi fuskata. Na zauna a kan hannuna, na ce sanyi ake yi.

Ta nuna mini rigunan da ta ɗinka mana na gasa, kore, da sunayenmu a baya. Ta ɗora yatsa ta ce wannan naki ne, Thozama. Ashe haka sunana yake, dogo.

Ita ta zuba shayin. Na ce baƙo ke zubawa yau.

Asabar, 23 ga Agusta, da hantsi

Buyiswa ta ajiye biro ta ce ba za ta ƙara rubuta iska ba. Yanzu ta ɗauka don na roƙe ta. Ta ce sai dai a sa abin da ta faɗa. To sa.

Ta ce, Sisi, ni ba makauniya ba ce. Ɗankwalinki ya koma ɗaurin gefe. Maɓallin rigarki jiya ni na saka. Mu je asibiti yau, in rufe suyar.

Na ce asibiti su tambayi na kusa da kai. Na kusa da ni waye? Ta ce to sai ki zauna ya ci ki? Na ce zai wuce. Da safe ne yake nauyi, in rana ta yi yakan saki. Ta ce mene ne yake nauyi, faɗi sunansa in rubuta. Na ce ba zan faɗa ba.

Na sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba. Ta rantse tana zagina.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan coci

Ban ji huɗuba ba. Ina zaune ina ta juya abu ɗaya, kuma na gama shawara.

Zan ce musu e, na yi. Da gangan na yi. Su kira ni abin da za su kira ni. Su hana ni gasar lardi, su dakatar da ni wata biyu ko uku. Kafin nan ya wuce, in dawo. Ɓarauniyar ƙari dai tana kwana a gidanta. Ba wanda ke zuwa da mota don uwarsa ta yi wayo a wasa.

Buyiswa ta ce sunan da kika yi shekaru kina wankewa? Na ce wanki ai sana'ata ce, zan sake.

Luvuyo ya bugo. Lafiya. Lafiya. Ina sha.

Litinin, 25 ga Agusta, da yamma

Na goge takalma. Na kasa zama, na kasa tsayuwa.

Talata, 26 ga Agusta, da yamma

Ba ni ruwa tukuna. Riƙe mini kofin.

Ban buga ba, na ce kaina ke ciwo. Da aka gama aka zauna a teburin da ke kusa da wurin karɓar takalma. Oom Dirk, da Hester, da Nonceba, da Salie a madadin masu ƙara. Salie sai sunkuyar da kai yake, ya ce Mama, ni da wasa na fara, wasu ne suka ɗauka. Na ce ai ka kyauta.

Oom Dirk ya fara jawabi, ban bari ya gama ba. Na ce Oom, kar a wahala. Na yi. Ku hukunta ni.

Hester ta ce, Thozama! Nonceba ta rufe baki da hannu.

Oom Dirk ya cire tabarau ya goge. Ya ce, Mama Mqikela, kin san abin da kike faɗa? Ƙarin da kika tara a kan ƙungiya ya hau. Doka ba ta raba ku. Ku ukun ba ku zuwa lardi, kuma shekara guda ba ku taka layin nan.

Na ce a'a, ni kaɗai. Su ba su sani ba. Ya ce na yarda ba su sani ba, amma haka take.

Buyiswa, ban san wannan ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini. Na dubi Hester, matar da tun da mijinta ya rasu ba ta da inda take zuwa sai wurin nan. Nonceba kuwa ta miƙe tsaye ta ce, Mkhozi, dube ni. Ki dube ni ki sake faɗa.

Injin bayan layi yana ta kwasar kwalabe yana jerawa. Na ji ƙararsa kamar a cikin kaina.

Na ce, Salie, miƙo hannunka. Ya ce Mama, yanzu ne za ki amsa soyayyata? Na ce miƙo. Ya miƙo, na sa nawa a ciki. Na ce ka ce in matse. Ya ce matse. Ya jira. Ya ce matse mana, Mama, ni da na san ki, kin taɓa kusa karya mini yatsu. Na ce na matse, Salie. Iyakar ƙarfina ke nan.

Bai saki hannun ba. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya juya ya kalli Oom Dirk. Oom Dirk ya cire hularsa. Ban taɓa ganin kansa ba sai yau, ashe sanƙo ne.

Hester ta ce tun yaushe? Na ce tun ƙarshen Yuli, wata safiya na tashi na same shi haka. Nonceba ta buga tebur ta ce, wata guda! Wata guda kina ɗaukar dutse da shi, tsohuwar banza, kina so ki mutu a kan layi mu kwashe ki? Tana faɗa tana kuka tana laluben waya a jaka.

Na ce Mkhozi, don Allah. Ta ce ba ruwana da don Allah.

To rubuta, tunda kin daɗe kina jira. Hannuna ne. Na dama.

Laraba, 27 ga Agusta, da yamma

Hester ta kai ni asibiti. Tun safe sai yanzu. Likita ta faɗi sunan abin, ban riƙe ba, irin mai shanye ɓarin jiki ne. Ta ce ƙarami ne ya zo, babban yana iya biyo baya, ta yi mini faɗa kamar ita ta haife ni. An ƙara magani. An ba ni ɗan ƙwallon roba in riƙa matsawa. Ni da ƙwallon roba.

An janye ƙarar. Ƙanwar Salie za ta buga a madadina a lardi. Rigar za ta yi mata yawa.

Juma'a, 29 ga Agusta, da rana

Luvuyo ya iso. Da mota. Ya rungume ni ya daɗe bai sake ni ba, sannan ya koma ya shigo da akwati babba, ba komai a ciki. Ya ce Lahadi ta sama za mu tafi.

Bai yi faɗa ba. Da ya yi da ya fi mini.

Talata, 2 ga Satumba, da yamma

Na ce ya kai ni in yi sallama da mutane. Ya kai ni.

Kowa ya zo ya gaishe ni, har matar da ta ce wasan kwaikwayo nake. Ta kawo mini biskit. Na karɓa, ban ci ba. Na zauna ina kallon su Hester suna bugawa, ƙafafuna sai motsi suke a ƙarƙashin kujera.

Salie ya zo da wani ƙaramin ƙwallo, irin na yara, ruwan hoda. Ya ce, Mama, Allah ai hannu biyu ya ba ki, ko ɗayan na ado ne? Luvuyo ya ce Baba, a'a, likita ta ce. Na ce likita hannun dama ta ce, ba ta ce hagu ba. Na tashi.

Ƙafar da zan fara takawa ma na rasa. Na farko kwata. Salie ya ce saƙona ya iso. Na biyu ya tafi yana rangaji kamar mashayi, ya je ya taɓa na gefe, uku suka faɗi. Uku! Aka yi ihu kamar na ci kofin lardi. Allo bai rubuta sunana ba, amma ya rubuta wani abu.

Sai ga Oom Dirk, hula a kai. Ya ce, Mama Mqikela, in da hagu za ki buga, doka ta ce sabon ɗan wasa ne. Abin da dama ta ci ba ya hawa kanta. Daga farko za ki fara, sai kin yi makonni kina zuwa kafin a san ƙarin da za a ba ta. Na ce makonni nawa, Oom? Ya dubi Luvuyo, ya dube ni, ya ce da yawa.

Na juya na ce, Luvuyo, ka ji da kunnenka. Doka ce. Ba ni na yi ta ba.

Ya ce Mama, wannan ba abin wasa ba ne. Na ce na sani. Nonceba ta ce ɗana, ni zan riƙa kwana a wurinta, in ta yi tari ma sai ka ji. Ya ce ai na sani, Mama. Aka yi dariya, shi bai yi ba.

Lahadi, 7 ga Satumba, da hantsi

Ya tafi. Shi kaɗai.

Bai ce na yarda ba. Ya gyara ƙofar banɗaki, ya sa ƙarfen dafawa a bango, ya yi magana da Mncedi a ɗakin baya sun daɗe. Da zai shiga mota na ce ka mance akwatinka. Ya ce ban mance ba, Mama.

Yana ƙarƙashin gado. Na tura shi ciki da ƙafa, bai shige duka ba. Daga nan inda nake zaune ina ganin hannunsa.

Rufe littafin, Buyiswa. Zo ki nuna mini yadda ake ɗaure igiyar takalmi da hannu ɗaya, jibi Talata.